Ruwan da Na Gani a Kan Duro

Tun da na dawo wayata ba ta huta ba. Kowa da tambayarsa: Falmata, ya jirgin sama yake? Da gaske ne kun faɗo? Ƙawata Zainabu ma cewa ta yi wai ko an ba mu abinci a ciki. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. In kun ga na tsallake wani abu ku yi haƙuri, har yanzu ban gama dawowa daidai ba.

Ga waɗanda ba su san ni sosai ba, ni 'yar Garin Gana ce, wani ɗan ƙauye a tsakiyar fadama, ta wajen Baturiya. Babana, Allah ya jiƙansa, fito yake yi da kwalekwale mai inji, da rani kuma ya yi noman ban ruwa. Tun ina ƙarama nake bin sa, ina zaune a hancin kwalekwale ina faɗin sunayen garuruwa kafin mu isa. Bayan ya rasu na koma Haɗeja wurin Gwaggo na ƙarasa sakandare. Inna kuwa ta ƙi tashi, ta ce ba za ta bar gidan da ya gina da hannunsa ba.

Da ambaliyar bana ta zo, kwana tara muka yi ba mu ji muryar Inna ba. Wayarta a kashe, ta maƙwabta a kashe. Kullum sai in je bakin gada in tare masu kwalekwale ina tambaya. Wani ya ce mutanen garinmu sun tashi. Wani kuma ya ce ya ji gini ya danne mata biyu a can, amma bai san sunansu ba. Tun daga ranar abinci ya daina wuce min.

A rana ta goma Hajiya Rabi, maƙwabciyar Gwaggo, ta shigo gidanmu. Tana aiki da wata ƙungiyar ba da agaji. Ta ce sun ɗauki hayar wani ƙaramin jirgi don su duba garuruwan da ruwa ya datse, su san inda za su fara kai kaya, amma taswirarsu ba ta da amfani tunda hanyoyi duk sun nutse. Suna neman wanda zai gane gari daga itatuwansa da masallacinsa.

Gwaggo ta ajiye tsintsiya ta ce, "Hajiya, yarinyar da ko lilo ba ta iya hawa ba za ki kai ta sama?"

Na ce, "Gwaggo, za a bi ta kan garinmu."

Sai ta shiga ɗaki ta ƙullo min ƙuli-ƙuli da dabino a leda, ta ce in na ga 'yar'uwarta, wato Inna, daga can sama in ɗaga mata hannu.

Jirgin ba a Haɗeja yake ba. Yana wani fili na jar ƙasa bayan Kafin Hausa, inda masu feshin tsuntsun jan baki suke sauka a da. Tafiyar da aka saba yi kafin a gama hira, ranar wuni guda ta ci mana. Gefen titi duk mutane ne, sun kafa rumfunan buhu da zana, sun shanya shinkafar da suka tsamo a kan kwalta har sai direba ya riƙa kaucewa. Wuri biyu ruwa ya haye titi, muka sauka muka naɗe zani muka taka, matasa suna tura mota suna yi wa direbanmu tsiya, wai ya sayar da ita ya sayi kwalekwale. Ruwa ya tafi da takalmin Hajiya Rabi guda a nan. Da silifa ta roba ta ƙarasa tafiyar, tana ta mita cewa daga Kano aka kawo mata takalmin.

Mun kwana a Kafin Hausa gidan wata ƙawarta. Matar ta yi mana tuwon shinkafa da miyar bandar kifi, amma sun fi mu sakin hannu da daddawa, kuma kifin sun farfasa shi a cikin miya. Inna guda-guda take bari, kowa ya ga rabonsa. Loma uku na yi na tsame hannu. Matar ta ce, "'Yan fadama ba kwa yaba kifin kowa sai naku." Na yi dariya don kada ta ji ba daɗi, ban gaya mata dalili ba.

Da hantsi muka isa filin. Ku da kuke tunanin irin jirgin alhazai, ku cire wannan. Wannan kujera huɗu gare shi, farfela ɗaya a hanci, fukafukansa a sama kamar rumfa. In da za a cire fukafukan, a-kori-kura ta fi shi girma. Direbansa wani dattijo ne mai furfura a gemu, Kyaftin Dauda, mutumin Zariya, mai yawan barkwanci. Abin da ya fara yi shi ne ya fito da sikeli ya ce kowa ya hau.

Hajiya Rabi ta ce, "Kyaftin, ni buhun shinkafa ce?"

Ya ce, "Hajiya, ai buhu ya fi ki sauƙi, shi ba ya ɓoye nauyinsa."

Ta hau tana harararsa. Ya rubuta, ya ce ita ta zauna baya, ni in zauna gaba kusa da shi don in riƙa nuna masa. Ya hana mu shan ruwa da yawa, ya ce babu ban-ɗaki a sama. Ni abin bai ba ni mamaki ba, don haka Baba yake yi a bakin fito. Shi ba shi da sikeli, da ido yake auna mutum, ya ce wa wannan koma tsakiya, wancan matsa hagu, kuma ko mai unguwa ne sai ya zauna inda aka ce.

Yanzu zan zo wurin da ya sa nake rubutun nan.

Kyaftin ya ce tankin fiffike ɗaya ya yi ƙasa, sai an ƙara mai. Mai gadin filin, wani tsoho Malam Sule, ya kai mu inda durorin suke. Guda uku ne, a tsaye a kan bulo a fili, babu rumfa. Malam Sule yana ta bayani da alfahari, wai da a kwance suke a cikin ɗakin ajiya, da ya ga ruwa ya fara shiga ɗakin sai ya mirgino su waje shi kaɗai, ya tayar da su a kan bulo don kada ambaliya ta taɓa su. Kyaftin ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba," hankalinsa yana kan wani hadari da ya fara haɗuwa ta gabas.

Ni kuwa kan durorin nake kallo. Kun san saman duro yana da baki kewaye kamar faranti. Ruwan sama ya taru a ciki ya rufe murfin, har da 'yan ganyaye suna yawo. Malam Sule ya sa tafin hannu ya share na duron farko, ya buɗe, ya zura tiyon famfon hannu har sai da na ji ya bugi gindi.

A gidanmu ba a tayar da duron mai a waje. Baba kwantar da shi yake yi a gefe. Yakan ce duro yana numfashi: rana ta yi zafi ya fitar da iska, sanyi ya sauka ya ja, kuma in akwai ruwa a kan murfi da shi zai ja, ko da an ɗaure shi tam. Ba ya taɓa zuƙo na gindi, don can ruwa yake kwanciya. In kuma ya zuba mai a inji, ba ya dubawa nan take. Sai ya hura gawayi ya dafa shayi, mu zauna a bakin ruwa, shi da kofinsa ni da nawa ɗan ƙarami, yana nuna min tsuntsaye yana faɗin wanda baƙo ne da wanda ɗan gida ne. Sai mun shanye sannan ya tsiyayo kaɗan daga ƙasan tanki a wata farar kwalba, ya ɗaga ta sama ya ce, "Falmata, idonki ya fi nawa, me kika gani?" In akwai ruwa sai in ga ɗan ƙwallo yana birgima a gindin kwalbar. Ya ce sai an ba ruwa lokaci kafin ya sauka ya nuna kansa. Ina jin duk yarintata babu abin da na fi so kamar wannan zaman jiran.

Kyaftin ma ya duba, kada in zalunce shi. Yana da wani ɗan farin kofi da yake tsiyayo mai daga ƙarƙashin fiffike. Man jirgi shuɗi ne, kamar ruwan da aka jiƙa bula. Amma Malam Sule yana cire tiyo shi kuma Kyaftin yana tsiyayowa. Ya ɗaga kofin, shuɗi tas, ya ce, "Lafiya lau. Mu tafi kafin hadarin nan ya riga mu."

Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Sai na ji kunya. Ni wace ce da zan gyara wa mai furfura aikinsa, mutumin da yake tuƙa jirgi tun ba a haife ni ba, a gaban Hajiya, kuma in kunyata tsohon da ya sha wahalar ɗaga duro shi kaɗai? Wannan shi ne dalilin da na riƙa gaya wa kaina. Amma akwai na biyu, kuma shi ne na gaskiya. Na san in na yi magana za a tsaya, in aka tsaya hadari zai iso, in ya iso an fasa tashi, ni kuma ba zan ga garinmu ba. Sai na ce a raina ai jirgi ba kwalekwale ba ne, wataƙila yana da abin tacewa. Na ja bakina na shiga.

Tashin kansa ba zan iya kwatanta muku shi sosai ba, don idona a rufe yake, ina karanta duk addu'ar da na sani. Kyaftin ya sa mana wani abu a kunne mai ɗan lasifika, ta nan na ji ya ce, "'Yata, buɗe ido, ba don barci muka ɗauko ki ba."

Na buɗe. Ruwa ne iyakar gani, garuruwa sun zama kamar fayafayai a cikin baho. Da farko na rikice, don ban taɓa ganin ƙasarmu ta sama ba. Sai na gane giginyu bakwai ɗin da Baba yake juya kwalekwale a gabansu, daga nan komai ya dawo min. Na riƙa faɗi, Hajiya tana rubutawa a baya. Ga garin masu saƙar taru. Ga inda ake cin kasuwar kifi, rumfunan duk sun nutse sai kwano. Ga makarantar da aka kai mu jarrabawar gama firamare, mutane cike a harabarta suna ɗaga mana zannuwa. Kyaftin ya sauko ƙasa sosai don mu gani da kyau. Har na manta da duro.

Mun yi fiye da rabin awa sai na hango tsamiyar garinmu. Na ce, "Yallaɓai, can ne, can ne garinmu." Ya ce to, ya miƙa hannu ya juya wani maɓalli, ya ce bari mu koma ɗaya tankin. Wanda aka cika da safe ke nan.

Na ga masallaci a tsaye. Na ƙirga daga masallacin, gida na ɗaya, na biyu, na uku. Inda gidanmu yake babu komai sai ruwa mai launin ƙasa da kan dangar kara. Babu mutum ko ɗaya a garin.

Ina cikin wannan kallon injin ya yi tari.

Na san tarin nan. Na sha jin sa a tsakiyar kogi in wani ya sayi mai a hannun marar amana. Ya yi tari, ya kama, ya sake yi, sannan ya ɗauke. Ba ƙara ce ta fi ba ni tsoro ba, shirun ne. Sai iska kawai kake ji tana shafar jirgin. Kyaftin ya mayar da maɓallin, ya taɓa wannan ya ja wancan, hannunsa yana sauri amma muryarsa ba ta canja ba. Ya faɗi wasu kalmomi da Turanci a rediyo, sannan ya ce mana, "Ku ƙara ɗaure bel. Hajiya, cire tabarau. Ba mu da nisa da ƙasa, ba zai tashi ba, sauka za mu yi." Hajiya Rabi tana ta salati.

Ya ce, "'Yata, kin san wurin nan. Ina ne ruwa ba shi da zurfi?"

Ban san ta ina amsar ta fito ba. Na nuna masa dajin kacalla da ke arewa da gari, wannan doguwar ciyawar da ta cinye mana hanyoyin ruwa da gonaki. Baba ya ƙare ƙarfinsa yana yankan ta da lauje yana tsine mata. Na ce, "Can gonaki ne a da, ruwan ba ya wuce ƙirji." Ya karkata jirgin can, ya buɗe ƙofa kaɗan, ya ce in sa hannu in kare fuskata.

Na ji kacalla tana dukan ƙasan jirgin kamar ana sussuka. Sai wani irin bugu, hancin ya nutse, bayan ya ɗaga sama har na ga kamar za mu kife, sannan ya dawo ya zauna. Ruwa ya shigo har gwiwa. Bel ɗin ya yanke ni a kafaɗa, har yau shaidar tana nan. Hajiya Rabi ta karye a hannu, goshin Kyaftin yana jini. Amma duk mu uku muna numfashi.

Muka taimaki Hajiya ta hau kan fiffike. Kafin Kyaftin ya hau, sai ya laluba aljihu ya fito da ɗan kofin nan, ya tsiyayo daga tankin safe, ya ɗaga. Fiye da rabi farin ruwa ne, shuɗin yana yawo a sama.

A nan na fashe da kuka na gaya masa komai, duron, da murfin, da tiyon, da shayin Baba. Na ce na gani na yi shiru don ina son in ga garinmu.

Ya goge jini da hularsa. Sannan ya ce, "Jiran nan da babanki yake yi, mu ma an koya mana shi, a rubuce ma yake. Hadari na gani na yi gaggawa. Ni ne direba, laifin nawa ne, haka kuma zan faɗa wa masu bincike." Ya juya kofin ya zubar. "Amma ba zan yi miki ƙarya ba, 'yata. Da kin faɗa, da na tsaya."

Hajiya Rabi tana riƙe da hannunta ta ce, "Ku bar shari'ar nan sai mun taka ƙasa. Ni takalmina ɗaya ya tafi jiya, yau ga silifar ma ta bi shi."

Ba mu yi awa ba muka ji ana saran kacalla. Masunta ne su biyu a kwalekwale, sun ga saukarmu. Babban cikinsu ya dube ni ya dube ni, ya ce, "Wannan ba 'yar marigayi mai fito ba ce? Ke da muka sani a hancin kwalekwale, me ya kai ki sama?"

Na ce, "Baba, Innata fa?"

Ya ce, "Fanna? Tana tudun makabarta tare da mutanen gari, ita ce ma take raba mana faɗa a kan itacen girki. Ta fita ana gobe gidan zai faɗi." Matan biyu da aka ce, ashe a wani gari ne can gaba. Allah ya jiƙansu, su ma 'ya'yan wasu suna can suna tambaya a bakin gada.

Tafiyar kwalekwalen nan ita ce abin da nake so in riƙa tunawa in zan iya zaɓa. Babu inji, sai gora da filafili. Ƙamshin laka da ɗanyen kifi, ruwa yana lasar katako. Masuncin ya dube mu ya ce Hajiya ta koma tsakiya, Kyaftin ya matsa hagu, kuma Kyaftin ya matsa inda aka ce.

Na hango Inna tun daga nesa, a tsugune gaban murhu, da zanin nan nata mai ruwan goro. Ta rame. Ta miƙe tana kare rana da hannu, ba ta gane ni ba sai da na taka tudu. Ba ta rungume ni ba, kun san iyayenmu. Ta kama kafaɗata daidai inda bel ya yanke ni, ta juya ni gaba da baya tana dubawa, ta ce, "Ke ce a cikin abin nan da ya faɗo?"

Na ce ni ce.

Sai da aka ɗaure wa Hajiya hannu da kara, aka samu kwalekwale mai inji ya tafi da su ita da Kyaftin, sannan na zauna na gaya mata abin da na gaya muku. Tana jujjuya kifi a kan wuta, ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "To da kin mutu a kacalla, wa za ki gani?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Shekara nawa mutumin nan yana ɗaga miki kwalba yana tambayarki me kika gani. Ya taɓa ce miki ki gani ki yi shiru?"

Na ce a'a.

Ta tsamo kifi guda, bai fashe ba, ta sa min a murfin kwano ta turo gabana. Ta ce, "Ci. Gwaggonki ba ta ba ki abinci ne?"

Na cinye shi har kai, ina kuka ina ci. Sannan na tuna saƙon Gwaggo, na kwance ledar da ke ƙugu. Ƙuli-ƙulin ya jiƙe ya zama kunu, dabinon ne kawai ya tsira. Inna ta ɗauki guda ta ce in gaya wa 'yar'uwarta ta gani, amma in koma a kwalekwale.